Ai Taki Ce, Inna

Tun daga zaure Mukarrama ta fara kiran mijinta, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ta baro shi a bakin mota.

"Yallaɓai! Ina kake? Fito ka ga abin arziki!"

Takarda ce a hannunta tana kaɗa ta sama. Shekara tara tana aiki a sashen kuɗi na hukumarsu, tun tana kan ɗan teburin nan na bakin ƙofa wanda duk mai shigowa sai ya bangaje shi. Yau Juma'a aka kira ta Kaduna aka damƙa mata takardar zama Ma'aji, kujerar da mace ba ta taɓa hawa ba a wurin. Ranar Litinin da ƙarfe goma za ta sa hannu ta karɓi makullai. Daga Kaduna zuwa Hunƙuyi ita kaɗai take dariya a mota, har wani mai tifa ya leƙo ya ga ko lafiya.

Tana shiga tsakar gida ta tsaya cak.

Igiyar shanya ta gani wayam. Da safe da hannunta ta jera 'yan rigunan 'yarta Ummi a kai, yanzu ko ɗan kamfai babu. Zayyad na zaune a bakin baranda, hularsa a gwiwa, ya ƙi haɗa ido da ita.

"Ina yarinyar nan?"

Ya ce Inna, mahaifiyarsa, ta zo da hantsi ta tafi da ita ƙauyensu, Janfalan. Yaye. Wata ashirin ai ya isa. Kuma ta ce ba za ta dawo da ita ba, riƙo ne, can za ta tashi a gabanta.

Takardar ta sulale daga hannun Mukarrama ta faɗa cikin kwatami.

To, a nan sai an koma baya kaɗan, don kada a zagi tsohuwa ba ta ji ba ba ta gani ba. Mukarrama marainiya ce, a Zariya ta tashi wurin goggonta. Ranar da za a kai ta ɗaki goggon ta ja kunnenta ta ce dangin mijinta mutanen karkara ne, kuma sun riga sun fara cewa 'yar boko ba ta san kunya ba, to ta ba su mamaki. In Allah ya ba ta ɗan fari kada ta kuskura ta kira sunansa, kada ta yi masa wasa a gaban dangin miji, kada ma a ga idonta a kansa. Mukarrama ta tambaya, a gaban mijin fa? Goggo ta ce, "Shi mijin ba dangin miji ba ne?"

Ita kuwa Mukarrama irin mutanen nan ne da in aka ba su doka sai sun bi ta har ƙarshen layi. Da aka haifi yarinya aka sa mata sunan mahaifiyar Zayyad, Halimatusa'adiya, wadda kowa ya sani da Inna Lantana, sai kunyar ta zama biyu: ga 'yar fari, ga sunan suruka. Ana kiran yarinya Ummi, ita ko Ummin ba ta faɗa, sai "yarinyar nan". Dangi suka yi ta yabo, wai ko a ƙauye an daina samun mai alkunya irin wannan. Da Babbar Sallah da suka je Janfalan, Inna ta ɗora jikar a cinya ta ce in ta isa yaye za ta ɗauke abinta. Mukarrama ta sunkuyar da kai ta ba da amsar da ake bayarwa.

"Ai taki ce, Inna."

Ita a ganinta ladabi ta yi. Tsohuwa kuwa ta ƙulle maganar a bakin zane.

"Kuma kana zaune aka fita da ita?" in ji Mukarrama. "Ko a waya ba za ka kira ni ba?"

"In kira ki in ce me? Ke kika ba da ita da bakinki, ina wurin."

"Haba Yallaɓai... wace mace ce za a tambaya ta ce a'a?"

Sai ya miƙe, abin da ya daɗe yana ci masa rai ya fito duka. Ya ce wata ashirin bai taɓa ganin ta sumbaci yarinyar nan ba. In ta yi kuka sai ta miƙo masa ita ta koma kan fayil. Ranar da ta fara tafiya a nan tsakar gidan, shi yana ihu kamar zai tara unguwa, ita tana tsintar shinkafa ko kai ba ta ɗaga ba, cewa kawai ta yi madalla. Kuma ga abin da ya fi ƙona shi: 'yar da ta haifa, Madam take kiranta.

"Yaya Muktar ya yi gaskiya," ya ce. "Tun ba ki hau kujerar ba ke nan. In kin hau fa?"

Nan ta gane inda aka saƙa zaren. Muktar ɗan wan Inna ne, kuma ofishinsu ɗaya, shi ne na biye da ita a sashen. Tun da aka fara raɗe-raɗin kujerar nan yake ɗinka sababbin shaddoji. Ta tambaya wa ya kawo Inna, Zayyad ya ce Muktar ɗin ne, da motarsa.

Ta buɗe baki za ta yi bayani, kuka ya riga maganar fitowa. Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Shi kuma ya sunkuya ya tsamo takardar daga kwatami, ya goge ta da hannun rigarsa, ya shanya ta a igiyar da ba komai.

Gari ya waye mata, nono ya cika ya yi tauri, gaban riga sharkaf, ido ya kumbura. Ta zauna a bakin gado da biro da farar takarda. Ta san abin da Muktar yake so ta rubuta, wato ta haƙura da kujerar, kuma wallahi ta kusa rubutawa. Kujera dai katako ce. Amma duk sanda ta ɗora biron sai ta tuna shekara tara, da daren jarrabawa da cikin wata takwas, da matan ofis da suka rungume ta jiya suna cewa ta buɗe musu ƙofa. Hannun ya ƙi motsi.

Ana haka sai ga guɗa daga zaure, har da kukan zakara.

Anti Philomena ce, mai buga takardu a ofishinsu, mace mai jiki da murya, wadda in tana raɗa ana ji a bakin titi. Ta shigo da jan zakara a hammata tana rawa, ta ce na Ma'aji ne, a yanka a yi farfesu. Ta gaida Zayyad, ta leƙa ɗaki, ta dawo ta leƙa kicin.

"Ina 'yar ofis? Ina mataimakiyar Ma'aji? Na zo mata da ƙuli-ƙulinta."

Da Zayyad ya faɗa mata abin da ya faru, da dalilinsa, sai ta saki zakara ya yi ta kansa, ta dafe ƙirji ta dube shi sama da ƙasa.

"Maigida, wa ya ce maka Madam ba ta son 'yar nan? Muktar? Muktar da ya kai ƙara sau biyu wai ta mayar da ofis gidan raino?"

Mukarrama ta fito da sauri tana cewa Anti don Allah ta bari. Ina! An riga an ɓalle bakin rafi. Philomena ta ce ɗan ɗakin ajiyar tsofaffin fayil da ke bayan teburin Madam, ai katifa ce a ciki da gidan sauro da kwandon kayan wasa. Ta ce ranar biyan albashi, mutane cike da baranda, Madam na sa hannu da dama tana jijjiga goyo da hagu, kuma ba a taɓa kama ta da kuskuren sisi ba. Ta ce in yarinya ta yi zazzaɓi Madam ba ta iya haɗiye ko ruwa. Madam ɗin da yake jin haushi kuwa, to ina laifin yarinya? Abin da take ji kowa na kiran uwarta ke nan tun safe har la'asar, don a jikinta take yini.

Sai ta zaro waya daga jaka.

"Anti, kin yi mini alkawari..."

"Na yi. Yau na karya, Allah ya yafe mini."

Ta danna ta miƙa wa Zayyad. Ga ofis, ga kabad ɗin ƙarfe, ga Ummi ta dafa ƙafar tebur tana tangaɗi. Ga kuma matarsa, wadda ya sani da kame kai, durƙushe a ƙasa, gyale ya zame, hannu biyu a buɗe, tana ta-ta-ta, tana cewa taho Halimatusa'adiya, taho 'yar gwal, taho sanyin idona. Yarinya ta saki tebur ta yi taku ɗaya, biyu, uku, ta faɗa jikinta. Mukarrama ta cafe ta ta rangaɗa guɗa, har aka ga maigadi ya faɗo ofis da sanda.

Philomena ta ce wannan ranar Litinin ce. Shi kuma ranar Alhamis ya ga tafiyar a gida, ko ba haka ba? To kwana ukun nan Madam ta hana kowa faɗa, ta ce a bar babanta ya ɗauka shi ya fara gani, don kullum maganarsa ke nan.

Zayyad ya sake kallo. Ya kuma sakewa. A na ukun bai kai ƙarshe ba, ya zauna daɓas a ƙasa a gaban matarsa, babban mutum malamin gona guda, hawaye na bin gemunsa.

"Mukarramata... shinkafar nan da kike tsinta..."

"Ban ga ko tsakuwa ɗaya ba ranar," ta ce tana share hanci. "Kai nake kallo ta ƙasan ido. Yadda kake tsalle."

"Ki yafe mini. Gida ɗaya muke kwana, amma ban san ki ba."

"Ni na ɓoye maka. Goggo ta ce kai ma dangin miji ne."

Dariya ta ƙwace masa cikin kukan, ita ma ta kama, Philomena na gefe tana cewa ai ga shi nan, tsakanin miji da mata sai Allah. Ya miƙe ya shiga ɗaki, ya ga farar takarda da biro a kan gado, ya ninke ta ya jefa a kwandon shara. Ya ciro waccan ta kan igiya, ta bushe ta ɗan yi tabo, ya sa mata a jaka da hannunsa.

"Ranki ya daɗe Ma'aji, tashi mu je mu ɗauko 'yarki."

Suka bi ta Maƙarfi, gonakin rake hagu da dama, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila na tashi. Rabon da su yi hira irin ta ranar tun suna saurayi da budurwa. Ta ba shi labarin haƙorin farko, da ranar da Ummi ta yi wa wani babban baƙo fitsari a babbar riga, da waƙar da take yi mata in za ta yi barci. Ya ce sai ta rera, ta ce Allah ya kiyaye, ya ce to zai tsayar da mota a tsakiyar titi. Ta rera a hankali, kanta a ƙasa. Ya tuƙa da hannu ɗaya, ɗayan na cikin nata. Sai da suka wuce Ikara ta fara tunanin abin da za ta faɗa, don ta san karɓo kyautar da ta riga ta bayar daga hannun suruka ba ƙaramin abu ba ne.

Gidan Inna cike yake, lokacin kaka ne, an baza masara a tsakar gida matan 'yan'uwa suna ɓarza. Inna na ƙarƙashin mangwaro da kofin kunu, tana fama da jikar da ta yi kuka har murya ta dushe. Ga Muktar a kan kujerar roba cikin sabuwar shadda, wai ya zo duba yadda baƙuwa ta kwana.

Mukarrama ta cire takalmi ta durƙusa nesa kaɗan. Ta gaida Inna da kwana, da gajiya, da aikin kaka, da ƙafar da ke damunta, ta bi matan gida ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan idonta na ƙasa. Amma yarinya ta ji murya.

"Madam! Madam!"

Ta zame daga cinyar kaka ta taho da gudu, ta faɗa jikin uwar tana jan hijabi, tana neman ƙirji. Hannuwan Mukarrama na kan gwiwa, ba ta ɗaga su ba. Ido goma sha na kanta.

Muktar ya gyara murya ya ce ai abin ba na tashin hankali ba ne. Shi mai son zumunci ne. In ƙanwarsa ta rubuta 'yar takarda ta ce ta haƙura da kujerar saboda iyali, ta samu lokacin gida, ya tabbata Inna za ta tausaya ta mayar da yarinya yau ɗin nan.

Zayyad ya yunƙura zai yi magana, Inna ta ɗaga masa hannu.

"Kai yi shiru. Ba kai ka ba ni ba." Ta juya. "Ke. Ranar Sallah me kika ce mini?"

"Na ce taki ce, Inna."

"Yau fa?"

Ko masu ɓarzar masara sun tsaya. Mukarrama ta ji muryar goggonta a kunne, ta ji kuma ɗan yatsan 'yarta na taɓa mata haɓa. Sai ta ɗaga hannuwan nan biyu ta sunkuci yarinya ta matse a ƙirji, ta sumbaci goshi, ta sumbaci kumatu, ta sumbaci 'yan yatsun da suka yi dumu-dumu da kunu, a gaban surukarta da duk wanda Allah ya tara a gidan.

"Ƙarya na yi, Inna. Tawa ce. Ina son ta kamar raina, jiya ban runtsa ba. Kuma kujerar ma ina so, na sha wuya a kanta. Ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama, amma ba zan ajiye ko ɗaya ba."

Wata ta ja salati. Muktar ya tafa hannu ya ce to Inna ta ji da kunnenta, ga irin tarbiyyar boko nan.

Inna ba ta ko dube shi ba. Kofin ta ajiye a hankali, ta dubi surukar, sai ga hawaye a fuskar da ko ranar rasuwar mijinta ba a ga hawaye a kanta ba. Ta ce tana da shekara goma sha bakwai uwar mijinta ta yi mata irin wannan tambaya a kan Adama, 'yarta ta fari, yayar Zayyad. Ita ma ta ce taki ce. Aka tafi da yarinya Likoro. Wata shida tana zuwa bayan rumbu ta yi kukanta ta wanke ido ta fito, ba wanda ya sani, kowa na yaba kunyarta. Yau Adama na da jikoki, kuma har gobe Lantana take kiranta, kamar wata maƙwabciya.

"Da na ga ba kya kallon 'yar nan, aka kuma zo aka ce mini a ofis cikin shara kike yar da ita, na ce gara in ɗauko abata. Amma jiya da ta ƙi kunu, ta ƙi barci, tana ta kiran Madam, na ce yaron da ba a so ba ya irin wannan kuka." Ta share ido da bakin zane. "Shekara arba'in da wani abu nake jiran in ga macen da za ta buɗe baki. Ashe a gidana take."

Sannan ta waiwayi Muktar. Ta ce shekara biyu bai tako gidan nan ba, ko da ta kwanta ciwon ƙafa, sai jiya ya faɗo da mota da buhun shinkafa. Ta tambayi Zayyad, in matarsa ta bar kujerar, wa zai hau? Zayyad ya nuna shi da baki. Matan gida suka kwashe da dariya. Inna ta ce ya ɗauki shinkafarsa ya kama hanya, kuma ranar Litinin ya riga kowa zuwa ya gaida shugabarsa. In zai gina ramin mugunta nan gaba, ya gina shi gajere.

Yaye dai, in ji Inna, sai an yi shi, ba fashi. Amma tunda dutse ba ya zuwa wurin mutum, ita za ta bi su Hunƙuyi a yi a can, yarinya ta yini wurinta ta kwana kusa da uwarta. Kuma ranar Litinin da ita za a je, ta ga ofishin da jikarta ta koyi tafiya. Ta sa aka haɗa mata kaya a ƙullin zane. Zayyad ya rasa inda zai sa kansa don murna, ya ɗauki ƙullin ya ajiye, ya sake ɗauka, ya matso kusa da matarsa ya ce a hankali, "Yau na sake aurenki." Ta harare shi ta ce Inna na ji. Inna ta ce ta ji, kuma ba ta ga laifi ba.

Da za su fita, Ummi ta zille ta bi 'yan tsaki bayan rumbu. Mukarrama ta ce wani ya kamo mata yarinyar nan.

"Wace yarinya?" in ji Inna. "Ba ta da suna? Kira ta."

"Inna... sunanki ne fa."

"Na sani. Tun da uwata ta rasu ba wanda ya kira ni da shi. Kira ta in ji."

Mukarrama ta dubi mijinta, ya gyaɗa mata kai, idonsa na sheƙi. Ta ja numfashi, ta ɗaga murya a tsakiyar gidan surukai.

"Halimatusa'adiya!"

Yarinya ta leƙo daga bayan rumbu ta taho da gudu, hannu a buɗe. Kafin ta iso, daga ƙarƙashin mangwaro tsohuwa ta riga ta amsawa.

"Na'am, 'yata."